Na karanta ilimin manya, an ƙwace mini aji

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Mahaifina gadi yake yi a wani kamfanin fata a Challawa, sai da ya yi furfura ya koyi rubuta sunansa a ajin yaƙi da jahilci, ranar da ya daina dangwala yatsa har kaza ya yanka mana. Shi ya sa da na samu jami'a na zaɓi ilimin manya, ban san zai zame mini tabo ba.

Bayan bautar ƙasa na samu koyarwa a wata makarantar kuɗi a Dakata, yawancin yaran 'ya'yan ma'aikatan kamfanonin Bompai ne. Aka ba ni aji huɗu, muna tafiya lafiya, sai aka kawo sabon hedimasta. Da ya ga takarduna ya kira ni ofis, wai digirina na koya wa tsofaffi baƙi ne, ba na yara ba. Na ce ranka ya daɗe mu ma mun yi darasin dabarun koyarwa, mun je gwaji a firamare kamar kowa. Ya yi dariya ya ce, "Malama, mai kiwon raƙumi ba a ba shi 'yan tsaki." Ko sau ɗaya bai shiga ajina ya ga yadda nake koyarwa ba.

Yanzu an ba wani malami ajin nawa, ni kuma tsaron masu makara a bakin ƙofa, sai in wani malami bai zo ba in riƙe masa. Ranar da masu duba makarantu suka zo, alli hedimasta ya aike ni saye. A ɗakin malamai sunana ya koma Malamar Tsofaffi, yaran ajina in sun wuce ni sai su tambaya yaushe zan dawo.

Wasu iyaye mata masu aiki a kamfanin biskit suka roƙe ni in koya musu karatu, ko sa iya duba aikin gidan yaransu. Muka fara bayan an tashi, hedimasta ya sa aka kulle ajin da muke zama, wai ga shi nan na nuna inda na dace. Na kai kuka wajen Hajiya mai makarantar, ta ce in yi haƙuri, ita ba ta tsallake maganar hedimastanta, in ina son aji in koma in ƙaro wani karatun.

Har yau ban faɗa a gida ba. Baba kuwa ya ce ranar hutunsa zai zo ya tsaya ta taga ya ga ina koyarwa, har ya kai babbar rigarsa guga.

'Yan uwa, in ajiye aikin alhali ban da wani, ko in ci gaba da tsaron ƙofa? Waɗanda suka yi wannan karatun, haka ake muku ko'ina? Kuma me zan ce wa Baba kafin ya zo?