Wurin da Baba Yake Sharewa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a aiki. Mu ma nan lafiya, sai dai ƙafar Gwaggo da ke tashi lokaci-lokaci. Baba yana ci yana sha, amma mantuwar kullum gaba take yi. Jiya sau biyu ya kira ni da sunan marigayiya Inna, da yamma kuma ya tambaye ni wa nake nema a gidan.

Ka tuna tsohon kaset ɗin bidiyon nan da ya saya tun yana shagon ɗinki, wanda muke yi masa tsiya cewa ya fi son sa a kanmu? To, shi ne aikinmu yanzu safe da yamma. Ba ma fim ɗin duka yake so ba, wuri ɗaya ne: inda wani ɗa ya dawo gida bayan shekaru, ya tsaya a bakin ƙofa da akwati, ya kasa ko sallama. Uban yana zaune a benci yana gyaran takalmi. Bai tashi ba, matsawa kawai ya yi ya ba shi wuri. Da an zo nan sai Baba ya ce in mayar baya. Ran Talata sau goma sha huɗu na mayar.

Abin da ban taɓa gaya maka a waya ba shi ne, duk sanda tsohon ya matsa, Baba ma sai ya matsa a kan doguwar kujera, ya share gefensa da tafin hannu. Na taɓa zama a wurin in huta ƙafa, ya ce in tashi, da mai shi. Na tambaye shi waye, ya yi ta laluben sunan bai samu ba, sai ya ce dogon nan da ya yi tafiya. Kai ma ka san ba mu da wani dogo a gidan nan sai kai.

Ni ma yanzu ina da inda nake kallo. A bayan uban da ɗan, akwai wata mata da ke wucewa da bokiti, ko fuskarta ba a nuna ba. Da muna yara ban taɓa lura da ita ba. Yanzu ita kaɗai nake gani, duk mayarwa sai ta sake ɗauko bokitin nan. Yaya, wallahi na gaji. Ba ƙorafi nake yi ba, ubana ne, amma shekara uku ke nan ban yi wuni ɗaya a waje ba.

Kaset ɗin ma ya gaji. Daidai wurin ya goge saboda yawan mayarwa, fuskar ɗan ta zama layi-layi. Mai gyaran rediyo ya ce zaren ya yi siriri, ko yaushe zai iya tsinkewa. Ya juye mini a waya, Baba ya ture ta, wai ba shi ba ne. Ban san me zan ce masa ba ranar da ya tsinke, kuma ina tsoron daga ranar ya daina matsawa. Na san aiki ya riƙe ka, amma ka nemi hutu ko na sati biyu ne. Kada ka tsaya haɗa tsaraba, akwati ɗaya ya isa.

Gwaggo da Kawu suna gaishe ka. Ka gaishe mini da Antina, da Takwara, da ’Yar Baba, a ce ta daina ƙiriniya. Ba zan ce Baba yana gaishe ka ba, don ba na son in yi maka ƙarya. Amma yau da safe ma ya share maka wurin.

Wassalam.
Ƙanwarka,
Auta