Gwiwar Hannun da Ta Rage a Hotonku

Zuwa ga Alhaji Shugaban Ƙungiyar Tseren Keke ta Shamuwa, Kaura Namoda.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da sauran manyan ƙungiya, waɗanda yanzu na haddace fuskokinsu, tunda babu shafin da ba su cika shi da babbar riga ba.

Ni matar ɗaya daga cikin mahayanku ce. Littafin tarihin ƙungiya, wanda za ku ƙaddamar ranar Asabar mai zuwa, ya shigo gidanmu. Alhaji, ni mai son karatu ce, akwatin lefena rabi atamfa ne rabi littattafan soyayya. Na karanta masu daɗi, na karanta waɗanda sai dai a naɗe ƙosai da su. Ban taɓa cin karo da mai rowar gaskiya kamar naku ba.

Na ɗaya. Kun rubuta cewa a ofishinka aka haifi ƙungiya. Kowa a Kaura ya san a rumfar mai faci ta fara, kusa da tashar jirgin ƙasa, da kekunan gwanjo masu zubar da kaca. Maigidana yana cikin samarin da ke fita bayan sallar asuba su nufi Shinkafi, wata rana Zurmi, tun hanya tana da aminci har ta daina. A garinmu Sakajiki na fara ganinsa, ya wuce cikin riga ruwan ɗorawa, na ce a raina ga wanda ake faɗa a littafi. Kai kuwa sai da kofi na farko ya iso gari ka gano kana son keke.

Na biyu. Kun jera sunayen mahaya bisa ga wanda ya riga isowa, sauran kuka haɗa su a layi guda kuka ce "da wasu 'yan rakiya". Wannan ya nuna babu wanda ya taɓa hawa sirdi cikinku. Ni da ban iya keke ba bari in koya muku. A tseren titi akwai mai shiga gaba ya tare iska da ƙirjinsa, kyaftin yana bayansa yana tara ƙarfi. Mai tare iskar nan ne kuma ke komawa baya ya kwaso gorunan ruwa. Idan an kusa ƙarshe ƙarfinsa ya ƙare, sai ya kauce kyaftin ya wuce. Dole ya zo a ƙarshe, aikinsa ke nan. Maigidana ke nan, abokansa Garkuwa suke ce masa, ku kuka ce ɗan rakiya.

Na uku. Babban kofin da kuka ba shafi uku, kuka ce hangen nesan shugabanni ne ya kawo shi. A ranar wannan tseren, tayar keken kyaftin ta yi faci, motar ƙungiya kuma tana can baya domin ta tsaya ɗaukar manyan baƙi. Maigidana ya sauka, ya kwance ƙafar kekensa ya ɗaura wa kyaftin, ya tura shi. Shi kuma ya saɓa kekensa a kafaɗa ya taka cikin rana har mota ta ga dama ta iso. Ka duba hoton bangon littafin. Kai ne a tsakiya riƙe da kofi. A gefen hagu, inda aka datse hoton don hularka ta fito sosai, akwai gwiwar hannu mai tabo. Ni na gasa wannan ciwon da ruwan zafi. Ita kaɗai ce rabonsa a tarihinku.

Na huɗu, kuma shi ya sa na ɗauki biro. Surukina malami ne, ya so ɗansa ya gaji allo da karantarwa, bai taɓa ganin keke komai ba face wasan yara. Yanzu idonsa ya yi rauni. Da ya ji an buga littafi, ya sa aka kira ni zaure in karanta masa. Na kai tsakiya ban ga sunan ɗansa ba, tsoho yana jira, maigidana yana bakin ƙofa kansa a ƙasa. Sai na ɗora yatsa a kan jawabinka na godiya, na karanta labarin tayar nan daga kaina. Malam ya sa na maimaita. Ya kira ɗansa ya dafa kansa, abin da bai yi ba tun da aka kawo ni gidan. Yanzu ya ce zai zo taronku ranar Asabar da ɗalibansa, don ya ji an karanta wannan shafi a bainar jama'a.

Na yi wa malami ƙarya, ina neman gafarar Allah. Amma ƙaryata a kan takarda kawai ta tsaya, domin abin ya faru. Taku kuwa an buga ta da tawada mai kyau.

Buƙatuna biyu ne. Ku cire kalmar 'yan rakiya, ku rubuta sunan kowa da aikinsa. Sannan kafin Asabar ku ƙara shafin tayar nan, ko da maƙala shi za ku yi da gam, a karanta shi Malam yana zaune. Idan wuri ya yi ƙaranci, hotonka tara na ƙirga, takwas za su ishe ka.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon gane bambancin mai riƙe kofi da mai kawo shi.

Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa faɗar sunan maigidana ba, ko a ɗaka, haka aka tarbiyyantar da ni. Yau kun sa na ajiye kunya a gaban duniya, don kada ku ce ba ku san yadda ake rubuta shi ba: Lawali.

Wassalam.

Hauwa'u, matar Garkuwa,
Kaura Namoda.