Rabin Ƙwayar Guguwa

Anti, don Allah ki taimaka min da shawara. Yau Talata, sha huɗu ga wata, ƙarfe huɗu na yamma, ina zaune a ɗakin awo bayan an sallami iyaye. Sikeli na gabana, na kasa tashi in kulle ƙofa.

Bara na gama jami'a, wannan ne aikina na farko. Mataimakiya ce ni a wani bincike da ake yi a asibiti kan maganin yaran da ba sa iya natsuwa, masu yawan motsi da waɗanda hankalinsu ba ya zama wuri ɗaya. A gida ƙiriniya ake ce wa abin, likitoci kuwa larura suka ɗauke shi. Aikina shi ne in auna nauyin yaro da tsayinsa da bugun zuciyarsa, in tambayi uwa yadda yake ci da barci. Rabin yaran maganin gaske ake ba su, sauran kuma ƙwaya ce mai kama da shi sak, amma ba komai a cikinta. Ban san wa ke shan wanne ba, likitan da ke duba su ma bai sani ba. Da gangan aka tsara haka, don kada zato ya shiga sakamakon.

Akwai iyaye mata biyu da suka ƙulla ƙawance a bencin jira. Ɗaya mai ɗinki ce, muna kiran ɗanta Guguwa, don ranar farko sai da ya hau taga, ya kuma kwance min igiyar takalmi ina cikin auna shi. Ɗayar mai kitso ce. 'Yarta ba gudu ba tsalle, sai dai ana yi mata magana tana kallon fanka. Ni na zaunar da su benci ɗaya, don na ga mai kitso kullum a takure take.

Guguwa ya samu sauƙi sosai. Uwarsa ta ce har zama yake ya zura mata zare a allura, malaminsa ya daina aiko da ƙara. Yarinyar kuwa jiya i yau.

Ɗazu na ɗora ta a sikeli, na ga ta ragu. Na sauke ta na sake ɗorawa, bai canza ba. Bugun zuciyarta ya ɗan fi na watan jiya sauri, ko da yake bai wuce ƙa'ida ba. Ina cikin rubutawa sai ta ce min, ba tare da na tambaya ba, wai ƙwayar Guguwa ta fi tata wuyar haɗiya, gefenta yana karce mata maƙogwaro.

Uwar ta kama hannuna, ta faɗa min komai. Ashe mai ɗinki ce ta ga ƙawarta tana hawaye, ta ce tunda ɗanta ne ya dace da na gaske, ba za ta ci sa'ar ita kaɗai ba. Da almakashin ɗinki take datse ƙwayar, rabi ga ɗanta, rabi ga yarinyar, ƙari a kan wadda take sha. Mai kitso ta kira ni ƙanwarta, ta ce in rufa musu asiri, in likita ya ji korar yaran biyu zai yi, kuma nan ne kaɗai aka taɓa ce mata 'yarta ba daƙiƙiya ba ce. Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Ta yi min godiya ta tafi.

An koya mana cewa ƙwayar nan a hankali take narkewa a ciki, ba a fasa ta. Kuma gwargwadon nauyin yaro ake ba shi, Guguwa kuwa ya fi yarinyar jiki nesa ba kusa ba.

Ga abin da ban sani ba. Ban san ko ƙwayar Guguwa ta gaske ce ba. Ban san ko ta yarinyar ce ta gaske, aka ninka mata ba. Ban san tun yaushe suka fara ba, kunya ta hana ni tambaya. Ban san ko ramar daga maganin take ba. Ban san ko akwai wasu iyayen da ke yin haka ba. Ban kuma san da wane ido zan kalli mai kitso ba in na faɗa.

Ƙanwarki mai riƙe da sikeli

Ƙanwata,

Tun ranar da wasiƙarki ta iso na tura miki amsa ta waya, don irin wannan ba ya jiran fitowar jarida. Ina maimaita ta a nan saboda masu karatu: ki gaya wa likitan, kada ki kwana da maganar.

Matan nan ba mugaye ba ne. Mu mutane ne da in magani ya karɓe mu, maƙwabciya muke fara tunawa. Ni kaina na sha karɓar ƙwaya biyu a ƙulle a leda daga hannun masoyi. Mai ɗinki ta rage wa ɗan cikinta abin da take ganin shi ya dawo mata da shi, ta ba 'yar wata. Tsoron mai kitso ma yana da dalili, wanda aka daɗe ana zagar masa ɗa ba ya son barin inda aka mutunta shi.

Amma amanar da ta ba ki ba tata ba ce ita kaɗai. Jikin yarinyar ne a ciki, da kuma yaran da za a rubuta wa maganin nan gaba bisa abin da kuka gano.

Ki fara kiran mai kitso. Ki ce mata kin yi shiru a lokacin don kin rikice, amma za ki faɗa, kuma kin fi so ta zo ku shiga tare. Ki roƙe ta a ajiye almakashin daga yau. Sauran hukunci na likita ne, kada ki ce su ƙara ko su daina wani abu da bakinki. In lafiyar yaro ta buƙata, masu binciken suna da hanyar gano wace ƙwaya yake sha.

Kada ki yi mata alkawarin ba za a cire yaran ba, ba a hannunki yake ba. Abin da ke hannunki shi ne ki tambaya a gabanta: in an cire su, wane likita zai ci gaba da duba su? Ki kuma ba likitan labarin yadda ya faru, har da hawayen. Sannan ki ba da shawarar a sake zama da duk iyayen, a yi musu bayani da irin maganar gida.

Haɗa su benci ɗaya da kika yi kuwa, alheri ne, ki bar tuhumar kanki.

Wataƙila ta daina kiranki ƙanwa na ɗan lokaci. Ki daure, ki ci gaba da gaishe ta.

Kin jero min abu shida da ba ki sani ba, kin manta da ɗayan da kika sani sarai, har sau biyu kika auna shi: yarinyar ta ragu. Da shi za ki ƙwanƙwasa ƙofar likita.

Allah ya ba yaran lafiya, ya sa wata mai zuwa ki ɗora ta a sikeli ki ga ta ƙaru.

Antinki