Ba Zan Zubar da Kwalayen Ummi Ba

Zuwa ga Yayata Asabe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan gajiyar hanya ta bi lafiya, kin kuma tarar da Malam da yara ƙalau. Jaririn da kika yi wa wanka har ya fara zama.

Kaset ɗin da kika aiko ya iso, na saurare shi sau biyu. Na gode da nasihar shayarwa. Na kuma ji inda kika ce, "Ina fata dai ba ki sake tara wa yarinyar nan shara a ɗaki ba." Yaya, na sake tarawa. Ta ma fi ta da yawa, kuma ba zan zubar ba.

Wata uku kika yi a flat ɗinmu na Deptford, nan Turai, kina kula da jegona, ban taɓa ɗaga ido na musa miki ba. Abin da na kasa faɗa a gabanki shi zan rubuta.

Kafin ki zo, Ummi ta shekara guda a makaranta ba ta buɗe baki ba. Sau uku malamarsu tana kirana, har an fara maganar a yi mata booking wajen likita. A gida ma in na yi mata Hausa sai ta jefo mini kalma ɗaya ta Turanci, ta koma bakin taga. Kin ga inda muke: hawa na bakwai, ba tsakar gida, ba ƙasar da yaro zai tona, a ƙasa kuma council, hukumar unguwa, ta kafa allo ta hana buga ƙwallo.

Wata rana Hajiya Memuna, 'yar Ghana mai shago a kasuwa, ta zubo mini kaya a kwalayen doya. Ummi ta jera su a falo, ta ɗauki murfin tukunya ta yi sitiyari. Ina kicin ina yanka albasa sai na ji ihu: "Zariya! Zariya! Mama, shigo, mota zai tashi!" Da Hausa, Yaya. Ban ko gyara mata "zai" ɗin ba. Na ajiye wuƙa, na cusa kaina cikin kwali da cikin wata bakwai. Kafin mu je Zariya mu dawo miyata ta kama, ban damu ba.

Wannan motar ce kika kwashe ranar da tana makaranta. Kika ce falo ya zama juji, ina ruwan 'ya mace da tuƙi, ba wasa ya kawo mu Turai ba. Da ta dawo ta tsaya a ƙofa da jakarta, ta dubi wurin, ba ta yi kuka ba. Kwana huɗu ba wanda ya ji muryarta. Ke kika ce ta yi hankali. Ni kuwa bayi nake shiga in buɗe famfo don kada ki ji kukana.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne a wurinki na koya. Kin manta Tudun Wada? Wa ya yi mini 'yar tsana da kara, ya roƙo mata ƙyalle wajen tela? Ranar da Baba ya tarar da ni kaca-kaca ina tuƙa tuwon ƙasa a gwangwani, ke kika tare shi kika ce, "A bar ta, girki take yi."

Baban Ummi da farko bayanki ya bi. Amma ran nan, bayan mun sake haɗa motar, ya dawo daga aikinsa na Charing Cross a gajiye, ta nuna masa kujerar baya, ya zauna. Yanzu shi ne fasinjan da ya fi kowa ƙorafin zafi. Na san matan garinmu suna gulmata a wajen walima, wai babbar mace tana rarrafe a ƙasa kamar mai taɓin hankali. Su yi ta yi. Biyu daga cikinsu sun fara kawo 'ya'yansu ranar Asabar, kuma duk uwar da ta shigo ba na barinta ta zauna a kujera, sai ta shiga kwali.

Makon jiya malamar ta tare ni a bakin gate. Ummi ta miƙe gaban aji ta ba da labarin tafiyarta Zariya a motar kwali, sai da aka roƙe ta ta zauna.

Na san ƙauna ce ta sa ki, Yaya. Kin bar gidanki, kin sha sanyin da ba ki saba ba, kin dama mini kunun kanwa kullum safiya. Ba zan manta ba. Amma a kan wannan kam ba zan bi ki ba.

Ummi ta tarar da ni ina rubutun nan, ta tambaye ni wa nake rubuta wa. Da na gaya mata, ta ce, "Ki ce wa Inna Asabe na daina fushi."

Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Ya raya mana zuri'a, Ya sake haɗa fuskokinmu da alheri. Amin.

Ƙanwarki,
Hauwa