Warin Injin Maman Praise

Litinin, 10 ga Agusta, 2015

Da wannan daminar, shekara ashirin da ɗaya ke nan da ruwan dam ɗin Alau ya shigo gari ya tafi da dutsen wankina da kayan mutum tara. Har yau ina riƙe da sunayensu. Ban yi boko ba, da ajamina nake rubutu, kwanan wata kuma daga kalandar shago nake kwafa.

Shagon na Agnes ne, Maman Praise, a Jiddari Polo. Ni Kashim na yi shekara arba'in ina wanki da hannu a bakin kogin Ngadda. Yanzu kafaɗa ta ƙi, sai guga da zuba wa injin wanki kaya. Yau aka dawo mana da zannuwan gado daga masaukin ma'aikatan agaji, wai suna wari. Na shinshina. Akwai shi, kamar tsumman da ya kwana a jiƙe cikin tukunya. Na ce mata ba hannuna ba ne, injinta ne. Dutse bai taɓa yi mini wari ba.

Laraba, 12 ga Agusta

Binta mai kula da masaukin ta zo da kanta. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi damuna ke nan. Ta ce ranar Juma'ar makon gobe in zannuwa suka koma da warin nan, za su kai aikinsu wani wuri. Maman Praise ta raka ta har bakin titi tana ba ta haƙuri.

Mutum goma sha ɗaya ke kwana a gidan Maman Praise, 'yan ƙauyensu da suka gudo daga wajen Askira. Duk a cikin injin nan suke ci. Ni ma haka.

Na ninka garin sabulu. Dunƙule biyu maimakon ɗaya.

Alhamis, 13 ga Agusta

Warin ya ƙaru. Amma ba daga sabulu ba ne, ina sabulu ina wari.

Asabar, 15 ga Agusta

Jiya na gaya wa matata Ya Fanna a gida. Ta ce tun da uwarta ta haife ta ba ta ga warin da ya gagari turaren wuta ba. Ta ɗebo mini daga na ajiyarta, mai kajiji, wanda take haɗa wa amare. Da safe kafin Maman Praise ta iso na sa garwashi a kasko, na ajiye shi cikin tumbin injin, na rufe ƙofa na jira.

Da na buɗe, to, ƙamshin yana nan, warin ma yana nan, kowa da gefensa. Maman Praise ta shigo ta tsaya, ta ce kamar an kai amarya bakin kwata. Ta yi dariya har ta zauna a kan bokiti. Can kuma ta ga kaskon, dariyar ta tsaya. Wai da robar ƙofar ta narke fa? Na ɗauke kaskon na fita da shi. Ta kira wani Dzarma, ɗan cocinsu mai gyaran inji.

Ya Fanna ta ce turaren ne ya yi kaɗan.

Litinin, 17 ga Agusta

Dzarma ya zo. Mutum ne mai furfura a gemu, ba yaro ba, don haka na bar shi ya taɓa. Bai kwance komai ba. Yatsa kawai ya sa ya ɗaga robar da ke zagaye da bakin ƙofar. Abin da na gani a ƙarƙashi, Allah ya sani ban so ba. Baƙin yauƙi, kamar gansakuka a gindin randa. Ya durƙusa ya buɗe wani ɗan murfi a ƙasa wanda ban taɓa sanin yana nan ba, baƙin ruwa ya zubo da maɓallai da gashi da tsinken sakace da ɓarin goro. Goron nawa ne, na gane shi.

Ya ce sabulun ya yi yawa, ba ya fita duka, a ciki yake kwana ya ruɓe. Na ce ai a kogi haka muke yi. Ya ce kogi tafiya yake, wannan a tsaye yake.

Sai ya tambaya wa ke rufe ƙofar bayan an gama wanki. Na ce ni. Ina rufewa gam, in lulluɓe shi da leda.

“Baba, ai shi ne ciwon. Ciki a jiƙe, damina, ka rufe shi ba iska. A bar ƙofar a buɗe ta sha iska.”

Na ce ba a gabana ba.

Ya goge robar, ya zuba bilic, ya sa injin ya juya da ruwan zafi ba kaya a ciki. Man janareto a banza, na ce a raina. Amma warin ya tafi. Wannan ba zan ɓoye ba.

Talata, 18 ga Agusta

Maman Praise ta bar ƙofar a buɗe. Da ta tafi kasuwa na rufe.

Laraba, 19 ga Agusta

Jiya ma ni na tashi ƙarshe, na rufe na lulluɓe. Yau da safe ta sa kanta ciki ta shinshina, ta daɗe ba ta ɗago ba. Warin ya fara dawowa, kaɗan. Saura kwana biyu Juma'a.

Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna kusa da teburin guga ta ce, “Baba, don Allah me ƙofar nan ta yi maka?”

Na ce ɓera zai shiga. Ta ce shekara biyu ba ta ga ɓera a shagon nan ba. Na ci gaba da guga.

Abin da ban faɗa mata ba bari in rubuta, tun da takarda ba ta tambaya. Shekarar da ta gabaci bara, da azumi, bayan la'asar, zafi ya ishe ni a gidanmu na Gomari, na buɗe ƙofar gida don iska ta ratsa. Ni na buɗe. Mikail, ɗana, ya dawo daga Kasuwar Shanu yana kwance a tabarma. Mutane suka shigo layin da bindigogi, fuska a rufe. Gidajen da ke kulle sun wuce su. Namu suka shigo, suka tafi da shi. Har yau ba mu san su wa ne ba, ba mu san inda yake ba. Maƙwabta sun ce da a kulle take ma ɓallawa za su yi. Su suke faɗa.

Tun ranar ban iya wuce ƙofa a buɗe. Ko murfin tukunya ne. Ɗakinsa ma na sa masa kwaɗo, kayansa suna ciki yadda ya bar su.

Alhamis, 20 ga Agusta

Na riga Maman Praise zuwa. Na yanka lemon tsami, na bi robar nan da tsumma lungu-lungu, da hannuna. Na buɗe ɗan murfin ƙasa na zubar da ruwan. Sabulu rabin dunƙule. Da aka gama zannuwan masaukin na naɗe tawul na tokare ƙofar, faɗin yatsa huɗu. Ba a buɗe take ba, tokarewa na yi.

Na jawo teburin guga kusa da ita. Sau uku hannuna ya kai zai tura.

Maman Praise ta gani. Ta wuce ta dafa shayi, ta ajiye mini kofi, ta ce nata mijin ma a gona aka tsare shi, inda babu ƙofa ko ɗaya. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ashe ta sani. Ya Fanna ce, na tabbata, bakinta ba ya riƙe magana.

Da za mu tashi na bar tawul ɗin a wurinsa. Na kai bakin titi na dawo na duba. Na sake tafiya.

Juma'a, 21 ga Agusta

Binta ta zaro zani ɗaya daga tsakiya ta kai hanci. Ta zaro wani. Sai ta ce ranar Litinin akwai labulaye ma. Maman Praise ta shiga bayan shago, na ji tana waƙar coci a hankali.

Har yanzu ina nan a kan cewa dutse ya fi inji.

Bayan masallaci na tsaya a bakin ɗakin Mikail. Ban san me ya sa na sunkuya wajen kwaɗon ba. Warin nan ne, shi ɗin dai, yana fitowa ta tsagar ƙofa. Damina uku. Ni ina cewa ƙamshin jikinsa nake tsarewa a ciki. Ya Fanna tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba ta ce makullin yana cikin gwangwanin turare, inda na jefa shi.

Gobe da safe in Allah ya kai mu zan buɗe tagar. Tagar kawai, don iska. Shuɗiyar rigarsa kuma in fito da ita bakin famfo. Da hannu zan wanke ta, ba za ta shiga inji ba.