Hannun Badaru da Jan Bajiminmu

Zuwa ga yayana Abdulƙadir, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Yaya Zulaihatu da yara, Ya kuma tsare ku a wannan ƙasa mai nisa. Mu nan muna nan yadda ka sani, hatsi ya yi tsada, gidaje da yawa sau ɗaya suke ɗora tukunya. Ƙafar Inna tana tashi tana kwanciya, amma da sauƙi. Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna maimakon na Badaru. Ba ya iya riƙe biro yanzu, dalilin takardar ke nan.

Sati uku da suka wuce aka sace mana jan bajimin huɗa, ga damina ta kawo kai. Baba ya wuni zaune a gaban turke. Ba mu da hotonsa, wa zai tsaya ɗaukar sa hoto? Sai ƙanenka Badaru, wanda ka sha duka don ya ɓata bangon zaure da gawayi, ya ɗauko robar da yake sassaƙa wa 'yan kasuwa hatimi. Kwana biyu yana kanta da reza. Ya shafa tawada, ya danna a takardar buhun siminti, ya ɗaga. Yaya, wallahi sai ga bajimin nan a tsaye. Ga ƙahon hagu da ya karkace, ga tabon karkiya a wuya, ga farin ƙirjin, har yadda yake sunkuyar da kai in ya ga Baba. Inna na gani ta fashe da kuka. Ni kuwa kunya ta kama ni, don ni ma na sha ce masa ya nemi sana'ar kirki. Ya buga guda arba'in, aka raba wa direbobi suka kai kasuwanni.

Ranar kasuwar Ɗanbatta shi da Baba suka tafi kara, wurin cinikin shanu. Wani mahauci, Muntaka, ya dubi takarda ya dubi wani sa, ya kwarma ihun ɓarawo. Wanda ke riƙe da igiyar baƙo ne, magidanci, kafin ya buɗe baki an sauke masa gora a ka. Badaru ya ce mutumin yana rantsuwa cewa ba shi san kawai aka yi ya kawo kasuwa, amma babu mai ji. Wasu da sanduna, wasu da duwatsu, wani har da turken ɗaure dabba. Jini ya rufe masa ido, ya faɗi, ana ta bin sa da ƙafa. Abin da ya fi tsaya wa Badaru a rai shi ne, da yawansu takardar da ya buga na hannu ɗaya, sanda na ɗayan. Ya kutsa ya faɗa kan mutumin ya kare masa kai, sai gorar wani ta sauka a hannunsa na dama. Yatsu uku da wuyan hannu suka karye. Kafin 'yan sanda su iso baƙon ya cika. Babu abin da aka samu a aljihunsa sai carbi da ɓarin goro, haka aka binne shi babu wanda ya san sunansa.

San nan kuwa namu ne, an dawo mana da shi, yana huɗa lafiya lau, Badaru ko kallonsa ba ya yi. Mai ɗori ya ɗaure hannun, ya ce wataƙila yatsun ba za su ƙara lanƙwasuwa ba. Badaru ya jefa robar a murhu, ya ce zanensa ne ya kashe mutum, shi da zane har abada. Ka san bakina, ban raga masa ba. Na ce sanduna ne suka yi kisa, kuma a wani gida akwai matar da har yanzu take leƙen hanya, alhali duk duniya shi kaɗai ya kalli fuskar mijinta da kyau. Ya yi kwana biyar ba ya kula ni. A na shida na tarar da shi a gindin darbejiya da fensir a hannun hagu, gumi na zuba, ya yaga takarda ta fi goma.

Fuskar baƙon yake zanawa, ga guda nan da bai yaga ba na sa maka a ciki. Layukan suna rawa, amma Baba na gani ya kawar da kai, ya ce shi ne, har tsagar kumatun da giɓin haƙorin. An ce an taɓa ganin mutumin cikin masu raka shanu kudu, don haka ka zaga da ita wurin mutanenmu na kara a can, ko Allah Ya sa a dace. Sannan ka rubuto wa Badaru. Tunda yake bai taɓa jin ka yaba aikinsa ba, kuma jiya ya tambaye ni ko za ka ce ya ɓata takarda.

Baba da Inna suna gaishe ka, haka Goggo Kulu da Kawu Dabo. Ka gaishe min da Yaya Zulaihatu da Huseina da sauran yara. Kafin ka ninke zanen ka dube shi da kyau, hannun da ya rage wa Badaru ke nan.

Ƙanwarka,
Furera