Wanda Ya Sare Ƙayar Burtali

Karaye, ƙarshen damina.

Zuwa ga Yayata Lauratu, a rugar Dutsen Gwanki, wajen Beli.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Mijinyawa da yara da dabbobi. Na kira wayarki har na gaji, amma kin san kan dutsen nan naku ko aljani sai ya sauko ƙasa yake samun sabis. Shi ya sa na ba Zaharaddini mai babur wannan takarda.

Yaya, albishirinki. Kin sha cewa gyaran keke ba zai kai ni ko'ina ba, to ga shi ya kawo mini mutane daga Kano har da Abuja. Masu hawan keken tsauni ne, irin mai ƙatuwar taya da birki kamar na babur. Su ba ruwansu da kwalta. Siririyar turba suke nema wadda ba inji ne ya yi ta ba, ta taso daga kan tudu ta yi ta gangarowa tana lanƙwasa, mutum ya saki feda iska na dukan fuskarsa har ya isa ƙasa. Tun bazara nake yawon nema musu. Na zagaye ƙauyen Turawa, na hau duk dutsen da ke tsakaninmu da Rogo. Duk wadda na samu, da ka fara jin daɗi sai ta ƙare a gonar wani ko a bakin kwazazzabo.

Rannan ina cikin yin faci sai na tuna burtalinmu, hanyar da shanun marigayi Baffa ke bi daga ruga zuwa rafi. Na je na gwada shi da hantsi bayan garke ya sauka. Wallahi Yaya ban san muna zaune da dukiya ba. Kofato ya daddaɓe shi sumul, ga tsawo, ga kwana bayan kwana, ban taka feda ba sai a gindin tsamiya. Da na nuna wa mutanen hoton, babbansu cewa ya yi bai ga irinsa ba a duk yawonsa.

Aibinsa ɗaya ne, ƙayar da ta cika gefen gonar Malam Sulle, inda hanyar ta matse. Tayata biyu ta fasa. Na koma da barandami na sare ta tas, na tara na cinna mata wuta. Ban shigo ruga ba don ina sauri, a yi mini afuwa.

Abin da nake roƙo, ki ce wa Mijinyawa duk ranar Asabar ya riƙe shanu a sama sai bayan azahar, kada baƙina su yi karo da su.

Ki huta lafiya. Ƙaninki,
Mujahid.

*

Ruga, Dutsen Gwanki.

Mujahid,

Wa alaikumus salam, don ba a ƙin amsa sallama. Lafiyar da ka tambaya kuwa, kai ka san inda ka kai ta.

Ashe kai ne. Tun shekaranjiya muke zargin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, Mijinyawa har ya kusa ɓatawa da masu itace, sai ga takardarka tana yi mini albishir. Goron albishir ɗin naka shi ne, garke ya sauko zuwa rafi, ya tarar da gonar Malam Sulle a buɗe kamar an shimfiɗa masa tabarma. Gyaɗa ce ta nuna, saura kaɗan a cire. Kafin Mijinyawa ya zagayo daga bayan garke sun cinye abin da suka cinye, sauran sun tattake.

Kai da aka haifa a ruga, sai yau za a gaya maka amfanin ƙaya? Shingen nan da ka ƙona, Baffa da mahaifin Malam Sulle ne suka kafa shi. Kowace shekara mu mu saro magarya da sarƙaƙiya mu jawo, su su jera. In an yi girbi su bar mana harawa, shanunmu su kwana a gonarsu su zuba musu taki. Da haka muke zaune ba wanda ya taɓa kai wani ƙara. Kana yaro kai ma ka ja ƙayar nan, kana kuka tana sukarka Inna tana cire maka. Amma tunda ka zama mai faci, ba ka ganin komai a jikin ƙaya sai abin da ke fasa taya.

Malam Sulle ya zo ya tsaya a gonar. Da zagi ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya sunkuya ya ɗauki tushen gyaɗa ɗaya, ya duba, ya ajiye, ya juya gida. Mai unguwa ya sa zama ranar Juma'a bayan masallaci. Ka zo. Ka zo da barandamin naka ka saro ƙaya ka mayar inda ka same ta, ka durƙusa ka ba dattijon nan haƙuri. Tafkunan kan dutse sun fara ƙafewa, in aka rufe mana hanyar rafi ba mu da inda za mu shayar.

Batun Asabar kuma, zan gaya wa shanun su riƙa ɗaukar azumi saboda baƙinka.

Yayarka,
Lauratu.

*

Karaye.

Yaya Lauratu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Mijinyawa, Allah ya mayar wa Malam Sulle da alheri.

Na karanta, kuma ban yi mamaki ba. Tun ina ƙarami ba abin da na taɓa yi kika ce ya yi kyau. Da na bar kiwo kika ce rago ne, da na buɗe rumfar gyara kika ce wasan yara ne. Yau manyan mutane suna kiran sunana, ke kuma kina so in je in durƙusa a gaban jama'a da ƙaya a ka kamar ɓarawon akuya.

A tambaya mana, ni na kora shanu gonar? Makiyayin da ke bayan garke da sanda a kafaɗa, aikinsa me? In shinge ne ke yin kiwon, to Mijinyawa ya zauna a gida. Kuma burtali na kowa ne, Baffa bai bar miki shi ke kaɗai ba. Kullum a ce haka aka gada, haka aka gada, shi ya sa har yau kuke kan dutse ba ko sabis.

Ki tsaya ki yi tunani. In hanyar nan ta yi suna, mutane za su riƙa zuwa duk mako. Wa zai sayar musu da fura da nono? Ke. Babban cikinsu, Alhaji Abdulmutalib, ya ce in abu ya kankama zai sa a kewaye wa Malam Sulle gonarsa da waya mai kyau, wadda ba ta fasa taya. Ki gaya masa ya yi haƙuri zuwa lokacin.

Juma'a ba zan samu zuwa ba. Ranar ce baƙina ke isowa, ni zan duba musu birki da giya kafin wayewar Asabar. Ki wakilce ni, ai baki gare ki.

Wassalam.
Mujahid.

*

Ruga, bayan girbi.

Mujahid,

Sallama irin ta addini, ba don ka cancanta ba. Na daɗe ban rubuto ba don ina tsoron abin da hannuna zai rubuta.

An yi zama. Mu mata muna zauren ciki muna ji. Mijinyawa bai kai ƙarshen ba da haƙuri ba Malam Sulle ya tare shi, ya ce, "Haba Mijinyawa, saniya ta ga abinci ta ci, ni ba na shari'a da saniya. Gyaɗa kuma Allah ne ya ba ni, shi ya karɓa. Abu ɗaya nake so, hannun da ya sare ƙayar ubana ya zo ya mayar da ita, in gan shi da idona." Mai unguwa ya ce ina Mujahid. Aka duba hanya. Aka yi la'asar ana duba hanya. Ni da ka ce baki gare ni, ranar na rasa bakin.

Washegari muna nan sai ga ku kun gangaro, da hulunan kwano da kaya matsattsu kamar kwaɗi, kuna ihu. Malam Sulle yana tsintar abin da ya saura a gonarsa kuka wuce shi, kana gaba, har ka ɗaga masa hannu. Mijinyawa ya saro ƙaya ya kai, dattijon ya ce ya koma da abarsa, ba shi ya yi ɓarnar ba.

To ga abin da ba ka sani ba, kai mai cewa burtali na kowa ne. Matsatsin nan duka ƙasar gidansu Malam Sulle ce. Mahaifinsa ne ya ara wa Baffa, da baki, saboda mutunci. Yanzu ya karɓi abinsa, ya ce ruwa na sauka zai sa garma. Harawar bana ma ya ba wasu. Amma ka kwantar da hankalinka, ya ce zai bar 'yar siririyar hanya don mai ƙafa da mai keke, tunda keke ba ya cin gyaɗa. Saniya ce dai ba za ta ƙara bi ba.

Ka ga ka samu abin da ka roƙa har da ƙari. Asabar ka nema, an ba ka mako duka.

Mu kuwa tafkuna sun ƙafe. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a gidanmu kai ka ja, mu ya doka. Za mu tashi da garke mu yi kudu, inda wani kawun Mijinyawa yake, mu zama baƙi a ƙasar da ba wanda ya san Baffa. Na ɗaure ƙorena. Na je na yi wa kabarin Inna sallama. Ina jin haushinka, Mujahid, haushin da ban taɓa ji a kan wani ɗan Adam ba, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Kada ka zo rakiya.
Lauratu.

*

Karaye, ƙarshen damina ta gaba.

Zuwa ga Yayata Lauratu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa da girmamawa. Yaya baƙunta, yaya yara, yaya dabbobi? Da ƙyar na samu wanda ya san inda kuke. Na rubuto sau da yawa ba amsa, wannan dai ki daure ki karanta.

Da rani mun more hanyar, ba zan yi ƙarya ba. Ruwa na sauka muka dakata. To da ruwa ya fara ɗaukewa, Alhaji Abdulmutalib ya gayyato abokansa daga nesa, har da mai ɗaukar hoto, aka cika mota da kekuna, na yi ta cika baki a hanya. Muka hau Dutsen Gwanki, muka wuce kufan rugarku, na ce ga bakin hanya nan.

Yaya, ba hanya. Gamba da ƙyasuwa sun fi ni tsawo. Na kutsa da keke a kafaɗa ina lalube, inda na san kwana ce sai in tarar ruwa ya yanka rami, inda na san sumul ne sai sarƙaƙiya ta kama mini riga. Magarya ta tsiro a tsakiyar turba kamar shuka ta aka yi. Har tsamiyar ma sai da na ɓata kafin na gan ta. Baƙi suka tsaya suna cire ƙarangiya daga safa, ɗaya ya tambaye ni ko dutsen na manta. Alhaji kuwa tun ranar bai ƙara ɗaga wayata ba.

Na sa adda na yi kwanaki ina sara, ko rabin lanƙwasa ɗaya ban buɗe ba, kuma inda na sare ƙasar ba ta kwanta kamar da. Ni dai ina zargin da hannun wani a ciki, don ban ga yadda hanyar da ta girme ni za ta ɓace a damina ɗaya ba. Kin san hali, ƙila kina dariya. Yi abinki.

Abin da nake so in sani, yaushe shanu za su dawo? In Mijinyawa zai kawo garke ko na ɗan lokaci ne, su hau su sauka su take wurin, hanyar za ta buɗe. Ai ku ma gida ya fi muku.

Ina sauraron amsa. Ƙaninki,
Mujahid.

*

Mujahid,

Wa alaikumus salam.

Ba hannun kowa. Hanyar da ka ce ba inji ne ya yi ta ba, shanu ne ke yin ta safe da yamma tun kafin a haife ka, kai ka kore su. Dariya kuma ba ni da ita. Jar saniyar Inna ba ta iso nan da mu ba, a hanya ta kwanta.

Ka tambayi yaushe za mu dawo. Ba ni za ka tambaya ba. Malam Sulle yana nan da ransa, ƙofarsa tana inda ka san ta, kuma maganarsa ɗaya ce tun bara. Ka ce magarya da sarƙaƙiya sun cika maka hanya. To madalla, ba sai ka je nesa nema ba. Ka jingine keken a Karaye, ka saro su, ka ɗauko a ka, ka bi ta ƙofar mai unguwa da rana tsaka.

In ya karɓa, shi zai aiko mini. Kai kada ka sake rubutowa.

Wassalam.
Lauratu.